An Kore Shi Daga Gem, Ya Dawo da Wani Suna, Ni Kaɗai Na Gane Shi

Daga Admin: Wani ɗan uwa ne ya turo, ya ce a sakaya sunansa. A yi sharhi cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, barkanmu da warhaka. Don Allah ku ba ni shawara. Amma tun kafin in fara ina roƙon kada wani ya ce mini "duk wannan a kan gem ɗin waya?", na san gem ne, ni ma na sha faɗa wa kaina haka, ku dai daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni mutumin Jega ne, aiki ya kawo ni ƙasar Yauri. Aikina kula da janaretocin ƙarafunan sabis na waya, daga Yelwa zuwa Wara, wani lokaci har ɓangaren Shanga, in duba mai, in canza filta, in goge, in hau mashin in nufi na gaba. Aiki ne da za ka wuni ba ka yi magana da kowa ba sai maigadi, shi ma gaisuwa ce kawai. Ba ni da aure, ɗaki ɗaya na kama a Yelwa, kuma ni ba mutum ne mai saurin sabo ba, idan na zauna a majalisa sai in rasa abin cewa. Wani abokin aiki da ya zo daga Kaduna na ɗan lokaci shi ya sa mini gem ɗin. Ga waɗanda ba su san irinsa ba, taswirar garin da kake ciki ce ta gaske, sai a mayar da wasu wurare sansani, kamar masallaci, ƙofar kasuwa, tashar mota, wata tsohuwar bishiya. Runduna biyu ce, ja da shuɗi, kowa na ƙoƙarin ƙwace sansani ya mayar da shi launinsa. Sharaɗin ɗaya ne, dole sai ka je wurin da ƙafarka, wayarka ta nuna kana nan, sannan za ka iya taɓa komai. Ni shuɗi na shiga. Abokin nawa ya koma Kaduna ya bar ni ni kaɗai da taswira, na bi na mayar da ko'ina shuɗi, babu mai ce mini kanzil.

Wata safiya na buɗe waya sai na ga sansanin tashar jiragen ruwa ya koma ja. Sunan wanda ya ƙwace shi GiwanRuwa. Wallahi daɗin da na ji ya ba ni mamaki, kamar a ce ka daɗe a gida kai kaɗai sai ka ji an yi sallama. Na je na ƙwato, washegari ya sake ƙwacewa. Haka muka yi ta yi ba mu san juna ba, har wata ranar kasuwa ina tsaye a bakin ruwa waya ta fara karkarwa a hannuna, ana kai mini hari a daidai inda nake. Na ɗaga kai ina dube-dube, sai ga wani dogon mutum zaune a ƙarshen jirgi kusa da inji, ya duƙufa a kan waya yana dariya shi kaɗai. Muka haɗa ido, ya ɗaga wayar sama ya ce, "Kai ne shuɗin ga da ya hana ni sakat?" Na ce ni ne. Ya ce, "To taho ka ci kifi, yaƙi ba shi hana cin abinci."

Zan kira shi Sama'ila, ba sunansa ke nan ba. Direban jirgin fasinja ne, yana ɗaukar mutane da buhuna da awaki yana tsallakar da su. Shi yana da ruwa, ni ina da titi, duk sansanin da ke tsibirai da tsallake nasa ne ba na iya kai wa, ni kuma na kan hanyar Shanga nawa ne. Cikin gari ne muke gwabzawa. Sai ya zama kusan kullum da la'asar idan ya ɗaure jirgi muna tare, mu ci soyayyen kifi, mu sha shayi, yana ƙwace mini sansani muna zaune a benci ɗaya. Ya kai ni ƙauyensu kusa da Wara, na gaida Innarsa, ita ce ta sa mini suna ɗan Jega, tun daga nan shi ma da shi yake kirana. Muna da wasu ƙa'idoji namu da ba a cikin gem suke ba. Ranar Juma'a ba mai kai hari sai an sauko daga masallaci. Sannan akwai wani ƙaramin masallaci a layin da nake haya, shi ma sansani ne, Sama'ila bai taɓa ƙwace shi ba ko sau ɗaya, ya ce a bar wa baƙo wurin salla. A duk zamana a Yauri shi ne mutum na farko da zan iya cewa abokina ne.

Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa, a kan titi ƙaddara ta same shi. Yana bayan kabu-kabu zai je gida, motar albasa ta kwashe su. An kai shi asibiti Sakkwato, ya daɗe, da aka dawo da shi daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi, lakarsa ta taɓu. Da farko ina zuwa duba shi duk lokacin da aiki ya bi da ni ta Wara, amma a hankali ya daina son ganin mutane, idan aka yi sallama sai ya juya fuska bango ya yi kamar yana barci. An kawo masa keken guragu ya ce a fitar masa da shi daga ɗaki. Ba ya son mutanen da ya saba tsallakarwa su gan shi ana tura shi.

Ana nan sai GiwanRuwa ya sake bayyana a taswira. Yanzu yana Yelwa, kafin ka sha ruwa yana Shanga, an jima yana tsibiri. Akwai wata manhaja da ake sa wa waya ta yi ƙaryar lokeshan, kana kwance a ɗaki ta nuna kana wani gari, ita ya samu. A dokar gem wannan shi ne babban laifi. Ba zan ɓoye muku ba, ni daɗi na ji da na ga sunansa, ban ce wa kowa komai ba. Matsalar bai tsaya a Yauri ba, sai ya shiga kai hari Kontagora, Birnin Kebbi, har Kaduna, mutanen can suka yi ta tura rifot, masu gem suka rufe akawun ɗinsa gaba ɗaya. Duk matsayin da ya tara da guminsa lokacin yana da ƙafa, duk ya tafi.

Na je ƙauyen in yi masa jaje, a nan muka ɓata. Ya ce ni na kai shi ƙara, don ni kaɗai na san halin da yake ciki. Na rantse masa ban yi ba, kuma Allah shaida ban yi ba. Ya ƙi yarda, ya yi ta maimaitawa, har raina ya ɓaci na ce masa ko ba ni ba dole wani ya kai, domin abin da ya yi cuta ce, mutane na ƙona mai suna shan rana shi yana kwance yana rushe musu. Sai ya ce faɗin haka ba wuya ga wanda ya shigo ɗakin da ƙafafunsa, in tashi in fita da su. Na fita. Na kira shi daga baya bai ɗauka ba, na tura saƙo ya karanta bai amsa ba, ni ma sai na yi zuciya na bari.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Taswira ta koma shuɗi daga Wara har Shanga, babu mai taɓa ta. Sai in buɗe gem in duba in rufe, babu abin yi. In na tashi aiki sai in tsinci kaina a bakin ruwa, in zauna a bencin, in sayi kifin in kasa cinyewa. Wani ne ke tuƙa jirginsa yanzu. Akwai ranakun da idan na lissafa, maganar da ta fito daga bakina ba ta wuce sallama da amsa sallama ba. Muna da guruf na 'yan shuɗi na Arewa, shugabanmu wani injiniya ne a Kaduna, Kwamanda muke ce masa, a nan nake ɗan jin motsin mutane, su ne ke tambaya ko ina raye in na yi kwana biyu ban leƙa ba. A guruf ɗin na san Malama Rahila, ma'aikaciyar lafiya ce da aka turo wani ƙaramin asibiti a ƙasar Shanga, ita ma baƙuwa ce, ita ma shuɗi. Tana yawon rigakafi ƙauye-ƙauye, wani wurin mashin ba ya shiga sai a ƙafa, tana tafe tana kama sansani. Mace ce mai gaskiya, ba ta taɓa kama wurin da ba ta taka ba.

Bayan damina sai ga sabon ja, sunansa Matafiyi, akawun sabo fil. Wannan ba ya tsalle daga gari zuwa gari, a hankali yake tafiya. Ya fara daga tashar jiragen ruwa, ya bi ta tsamiyar bayan kasuwa, ya shiga ruwa da gudun jirgi daidai, ya bi hanyar da jirage ke bi suna kauce wa duwatsu, ya tsaya tsibiri gwargwadon yadda ake sauke fasinja, ya dawo da la'asar. Na ce ƙila wani direban ne. Ranar Juma'a na zuba ido, shiru, sai da aka sauko masallaci waya ta yi karkarwa. Satin da ya biyo baya ya share layinmu kaf, shagon mai faci, famfon unguwa, komai ya zama ja, ya bar ƙaramin masallacin nan shi kaɗai shuɗi a tsakiya. Ina tsaye a ƙofar ɗakina na ga haka, sai da na zauna a dandamali.

Tun daga nan muka koma yadda muke, ba tare da kalma ɗaya ta shiga tsakaninmu ba. Ya ƙwace in ƙwato. Idan na makara fita sai ya tsaya a tasha bai taɓa komai ba har sai ya ga na motsa. Ni na san shi ne, ina jin shi ma ya san na sani, amma ba wanda ya kira wani. Na koma tashi da wuri, na koma cin abinci da daɗi, maigadin wani ƙarfe har ya tambaye ni ko aure zan yi.

Sai maganar Rahila ta taso. Akwai wani ƙauye a kan tudu da cocinsu ya zama sansani, ba wanda ya taɓa kama shi saboda wuyar hanya. Ta hau da ƙafa ranar rigakafi, da akwatin allura a kafaɗa, ta kama shi, ta sa hoto a guruf kowa na yi mata barka. Kafin ta gama saukowa Matafiyi ya mayar da shi ja. Ta koma sama, ta tambayi mai unguwa, ta tambayi matan da ke sussuka a bakin cocin, kowa ya ce ba baƙon da ya shigo garin yau sai ita. Ta rubuta a guruf, kuma ba wannan ne na farko da ya yi mata ba, ashe ya daɗe yana bin bayanta yana rushe duk abin da ta gina, ina jin shi a ganinsa wasa yake da ita kamar yadda yake yi da ni. Kwamanda ya turo mini saƙon murya, ya ce ni ne babba a yankin, in je in tsaya a inda Matafiyi ke kai hari, in ɗauki bidiyon wurin da fuskar wayata, a haɗa a tura rifot. Ya ce shi yana zargin GiwanRuwa ne ya dawo, kuma wanda aka kora ya dawo da sabon akawun, da hujja ɗaya ake sake rufe shi, wani lokaci har wayar ake toshewa.

Na je. Ban san dalili ba, ƙila ina fatan in tarar da wani mutum daban a tsaye. Da hantsi ne, waya ta fara karkarwa, sansanin tashar jiragen ruwa na faɗuwa a hannuna. Na juya kyamara na zagaya ko'ina. Mata masu ƙyafaffen kifi, masu lodin buhuna, wani tsoho na gyaran taru, babu mai riƙe da waya ko ɗaya. Ina kallon sunansa yana motsi a daidai gefena, a wurin da ba kowa sai igiyar jirgi. Na ɗauka har ƙarshe. Bidiyon na cikin wayata yanzu haka, ban tura ba, ban goge ba.

A satin nan aiki ya kai ni Wara ranar kasuwa, ina sayen ruwa sai na ji an ce "ɗan Jega". Inna ce, ta rame, tana riƙe da ledar magani. Na durƙusa na gaishe ta, kunya ta rufe ni. Ta ce, "Ɗan nan, mi munka yi maka ka yanke ƙafa?" Na ce aiki ne Inna. Ta ce, "Awo, aiki." Na tambaye ta mai jiki. Sai fuskarta ta saki, ta ce, "Alhamdulillahi, shina cin tuwo yanzu. Da sai na yi ta roƙo. Yanzu da sassafe shi ka cewa a jingina shi ga bango, a ba shi wayar ga tashi, a buɗe mai taga. Shina dariya shi ɗai kamar wanda anka yi wa albishir. Ran nan ina shara na ji ya ce, ɗan Jega ya makara yau. Na ce kuna magana ashe? Ya ce kullum." Ta dube ni ta ce, "To in kuna magana kullum, mi ya hana ka tahowa?" Ita ba ta san komai game da gem ba, ba ta san akwai wani abu a aljihuna da zai iya mayar mata da ɗanta fuska bango ba. Ta saya mini ƙuli-ƙuli dole, ta ce in ci a hanya.

Da yamma Rahila ta kira ni, karo na farko da muka yi magana da murya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Malam, ka san ko waye, ko?" Na yi shiru. Ta ce shirun ya ishe ta amsa. Ta ce ita ma ba ta da kowa a inda take, daga asibiti sai ɗaki, gem ɗin nan ne ke sa ta ji hawan tudun nan yana da wani daɗi bayan aiki, amma in har wanda ke zaune wuri ɗaya zai riƙa share mata wahalarta kuma nata mutanen su rufa masa asiri, gara ta goge ta huta. Na so in gaya mata halin da yake ciki, na kasa, domin mutumin da ya ƙi yarda 'yan garinsu su gan shi a keke, ban ga ina da ikon baza labarinsa a guruf ɗin mutanen da bai sani ba. Kwamanda kuma ya ba ni zuwa ƙarshen mako. Ya ce ko bidiyo, ko su ɗauka da ni ake yi, su cire ni daga guruf su haɗa da sunana a rifot. Ba mugun mutum ba ne, doka yake karewa, kuma da ban san Sama'ila ba da ni ne na farkon goyon bayansa.

Ga inda na tsaya 'yan uwa. In na tura bidiyon, na yi gaskiya, Rahila ta samu haƙƙinta, amma wannan karon da gaske ni ne na kai shi ƙara, abin da ya zarge ni da shi ban yi ba zai tabbata, kuma ban san me zai rage masa a ɗakin nan ba. In na yi shiru, na ci amanar mutanen da suka riƙe ni lokacin da ba ni da kowa, na bar baiwar Allah ana cutarta ina kallo, kuma ni kaina na san ba don shi kaɗai nake shirun ba, har da don kaina, ina tsoron taswirar nan ta sake komawa shuɗi. Na yi tunanin in karɓi wayarsa in riƙa yawo da ita, shi ma haramun ne a dokar gem, kuma ba abin da yake so ke nan ba, so yake ya tuƙa da hannunsa. Na yi tunanin in je in same shi in ce na gane ka, ka bar wa Rahila yankinta, ka tsaya a ruwa da cikin gari ni da kai, ko ka yarda in riƙa ɗaukarka a jirgi ka kama na gaske. Amma ina tsoron da zarar na furta, abin da ke tsakaninmu ya rushe, domin duk yana tafiya ne a kan cewa ba wanda ya faɗa. Mutum ne mai zuciya, zai iya goge gem ɗin a gabana ya ce in fita, karo na biyu.

Masu ilimin addini a cikinku, shirun da nake yi zalunci ne? Waɗanda suka taɓa jinyar wanda ya rasa ƙafa, in na je masa da maganar, taimako ne ko tozarci? In gaya wa Rahila gaskiya ita kaɗai, ko hakan ma tona asiri ne?

Ina rubuta wannan ne a zaune gindin wani ƙarfen sabis a hanyar Wara, na gama aikin tun ɗazu, maigadi sai kallona yake don ya ga ban tashi ba. Kwanar ƙauyensu ga ta can ina hangowa, daga nan ko mai ba zan ƙona ba. Don Allah ku gaya mini, in shiga kwanar ko in wuce?